Ɗiyan Kaza Shidda

Bana aka kafa mana sandar fitila a ƙofar gida, irin mai shan rana da yini ta kwana tana ci, kuma tun daga ranar mutane ke shigowa suna yi mini barka. Barka da me? Na amsa dai, don ba a mayar wa mutum barkarsa. Amma ni tun da aka kunna abin nan ban sake ganin sama yadda take ba. Dama can fitilun bakin iyaka sun cinye mana yamma, na gidan mai da na tasha sun cinye gabas, ga manyan motocin da ke kwana a layi suna jiran a buɗe musu hanya. Ɗan abin da ya rage mini shi ne saman tsakar gidana, shi ma ga shi an zo an dame shi ya yi fari fat kamar ruwan wankin shinkafa. Jikata mai kwana ɗakina ta ce, "Kaka, ke kam ba a iya miki. Kowa na murna an kori duhu, ke kina ƙunci." Na ce mata, ke tafi can, duhun da kuka kora akwai kayan mutane a cikinsa.

Ba ta gane ba, kuma ban ga laifinta ba. Ita ba ta san garin nan yana ƙauye ba, gidaje kaɗan na kara tsakanin Illo da iyaka, lokacin da in rana ta faɗi to ta faɗi ke nan. Kafin magariba za ka ji luguden mata ya fara raguwa, turmi ɗaya ya yi shiru, wani ya bi shi, shanun Fulani su wuce ta bayan gari suna numfashi, sai kwaɗin fadama su karɓa. Fitilar gidanmu ɗaya ce, ta man kaɗe, ita ma Inna ba ta bari ta daɗe. Da an hure ta sai sama ta sauko. Wallahi sauka take yi, har kan danga. Taurari tuli, wasu fari, wasu ja-ja, ga Zara tana bin wata, ga Gamzaki da asuba mai tada masu nisan gona. Yaran yanzu sun san sunan 'yan ƙwallon ƙasashen da ba za su taɓa zuwa ba, amma nuna musu Zara ka ji abin kunya.

Mahaifina shi ake ce wa Mai Kaza, alhali kajinsa ba su fi na kowa ba. Kazarsa a sama take. Wasu 'yan taurari ne a dunƙule wuri ɗaya, ƙanana, waɗanda muke ce wa Kaza da ɗiyanta. In bazara ta yi tsanani za ka ga kullum bayan magariba tana ƙara gangarawa yamma, har ranar da za a neme ta a rasa. Sai Baba ya ce, "Kaza ta shiga kwanci." Kwana arba'in ko kusa da haka ba a ganinta, sannan ta ɓullo ta gabas da asuba, gab da gari ya waye. Ka'idar da ya gada wurin mahaifinsa ita ce, ko ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ba a zuba iri a ƙasa sai an ga Kaza ta fito an kuma ƙirga ɗiyanta shidda. Ba biyar ba, ba wani hazo-hazo da mutum zai ce kamar ita ce ba. Shidda, ɗaya bayan ɗaya. Ruwan da ya riga Kaza, in ji shi, ruwan gaisuwa ne, ya leƙo ya ga lafiyarku ya koma. Kuma kullum yana ƙarawa da cewa Allah ke ba da ruwa, tauraro alama ce kawai, kamar yadda hayaƙi ba shi ke dafa tuwo ba. Duk ƙauyenmu da ƙauyuka biyu na kusa, ba mai ɗaukar sungumi sai Mai Kaza ya fito daga masallaci ya ce ta fito.

Shekarar da Turawa ke naɗe tabarmarsu, namu na nan da na Faranshi a tsallaken Dahome, ina da cikin fari. Maigidana mutumin Dandi ne, ɗan jirgin ruwa, Allah ya jiƙansa, ga surutu ga son abin mamaki. Shi ya yi wa wani Bature na can jigilar kayansa ranar da zai tashi, Baturen kuwa ya ciro wani abu daga wuyansa ya miƙa masa: madubin hangen nesa, mai ido biyu, baƙi, cikin jakar fata mai maɓallin ƙarfe. Ya tambayi tafinta sunan abin, tafinta ya faɗi wata kalma da Faransanci, shi kuwa kunnensa ya ji "Jummala". Shi ke nan, suna ya bi ta. Shi jirage da dorina yake kallo da ita a kogi. Ni ce uwar karambani da na ɗaga ta sama. Ranar da na fara duban wata sai da na yi salati, don fuskarsa duk ramuka ce kamar wanda ya yi zanzana. Da na juya kan Kaza kuwa, na ga ɗiyanta sun watsu ba iyaka, har na ji tsigar jikina ta tashi. Na ɗauko ta da ɗoki na kawo wa Baba ya gani. Ko taɓa ta bai yi ba. Ya ce, "Mai da abinki, ɗiyata. Idon aro ne wanga, zanen aro kau ba ya ruhe katara." Na ji haushi ranar, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina tsoho dai ba ya son a fi shi gani.

Da cikina ya tsufa aka kawo ni gida haihuwa, kamar yadda ake yi wa ta fari. Maigidana zai yi doguwar tafiya a kogi, ya bar mini Jummala don kada ƙannensa su fasa ta. Na sauka kwana kaɗan bayan Kaza ta ɓace, har Baba ya tsaya bakin ƙofar ɗaki yana tsokanata: "To, ku biyu kunka shiga ɗaki, ke da Kaza. Mu ga wadda za ta riga hitowa." A zaman jegon nan ne na gane abin da yake ɓoyewa. Aka miƙa masa jariri, sai na ga bai dube shi ba, yatsunsa ya sa yana bin goshinsa da hancinsa da kunnuwansa. Na lura buta ma da ƙafa yake nemanta. Hanyar masallaci ya haddace, muryar kowa ya sani, shi ya sa ba wanda ya farga. Na tambayi Inna, ta ce mini in kama bakina, yanar ido ce ta rufe masa gani tun bara, da rana yana ganin inuwar mutum, amma tauraro kam sai dai labari.

Mai jego ba ta barcin asuba. Tun kafin kiran salla Inna ke tafasa ruwa a babbar tukunya a bayan ɗaki, ta tsoma ganyen tsamiya ta yi ta fyaɗa mini ina ihu tana cewa in yi shiru kar in tara mata jama'a. Bayan ɗakin nan kuwa gabas yake kallo, daga danga sai fadama shimfiɗe har bakin sama. Wata asuba na gama wanka ina zaune ina huci, sai ga Baba ya lallaɓo ya tsuguna nesa kaɗan, ya juya mini baya. Sannan ya ce, "Innarki ta hwaɗa miki." Na ce i. Ya ce, "Idonta ita ma ba shi kai nan. Ke za ki duba mini bana. Ki hau turmin ga, ki dubi tsakanin giginyun can biyu, ƙasa-ƙasa. In kin ƙirga shidda ki hwaɗa mini. Kada ki ƙara, kada ki rage." Mutumin da ban taɓa ji ya roƙi kowa ko allura ba. Na ce to, Baba, hawaye na zuba, na gode Allah da ba ya gani.

Kullum sai in kife turmi in hau, jikina na tururi, in zura ido tsakanin giginyu har gari ya yi fari. Ba komai. Ana haka ruwa ya sauka, mai yawa. Baba ya ce na gaisuwa ne. Bayan kwana huɗu wani ya sake sauka, wanda ya fi na farko, ƙasa ta jiƙu har ƙamshinta na hana mutum zama. Nan fa gari ya ɗauki zafi. Labari ya zo cewa mutanen tsallake sun shuka. Sarkin Noma, wani dogo mai muryar ganga, safe da yamma yana zauren gidanmu, ina jin sa daga ɗaki: "Mai Kaza, laima na tahiya hwa! Kazar nan taka ko muzuru ya cinye ta ne?" Baba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba ya ce a ƙara haƙuri. In ya shigo sai in ga tuwonsa ya kwana a akushi. Da ido ne da shi da ya tsaya da ƙafarsa ya ce bai gani ba, kowa ya yi shiru. Amma yanzu da idon wata yake musu, kuma na san yana tambayar kansa ko Kaza ta fito tuni, yarinya ce ba ta iya dubawa ba. Ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan.

Bayan ruwa na biyu da 'yan kwanaki sama ta wanku tas. Na hau turmi na duba har idona ya yi ruwa, ban ga komai ba sai jan gabas. Baba na tsugune a wurinsa ya ba ni baya. Sai zuciya ta ce mini, ke, ga ido a ɗaki kin ajiye. Na sauka kamar zan duba jariri, na ɗauko Jummala cikin zanena, na koma na buɗe jakar a hankali. Ina ɗorawa a idona sai ga ta. Ga Kaza can ƙasa tsakanin giginyu, dusu-dusu cikin hasken asuba, ɗiyanta na kyalli. Na ƙirga shidda ban ko wahala ba. Farin cikin da na ji ranar ko na haihuwa bai fi shi ba. A ganina Kaza dai Kaza ce, ko da me ka gan ta. Ban san cewa ka'idar kakanni da idon mutum aka auna ta ba, cewa kwanakin da ido ke jira kafin ya iya raba ɗiyan nan da hasken gari su ne kwanakin da damina ke buƙata ta zauna da gindinta. Rashin sani ne, na yarda. Amma ɓoye madubin da na yi a zane ba rashin sani ba ne.

Na ce, "Baba, ta hito."

Ya ce, "Kin ƙirga?"

"Shidda."

Ya yi shiru, shirun da a lokacin na ɗauka godiya ce yake yi wa Allah. Sannan ya miƙe ya tafi masallaci. Kafin hantsi ba namiji ko ɗaya a gari, har mata da yara sun bi da ƙoren iri. Ƙauyuka uku suka zuba geronsu a ƙasa a kwana biyu saboda kalma ɗaya da ta fito daga bakina.

Ya tsiro kuwa, gwanin kyau, layi-layi. Sai sama ta ɗauke. Kwana biyar, kwana bakwai, rana ta buɗe kamar bazara ta dawo. Ni kuwa ban fasa hawa turmi ba, ba tare da madubi ba, ina jiran idona ya gaskata ni. Sai a kwana na goma na ga Kaza da idon da Allah ya ba ni, na ƙirga shidda da ƙyar. A ranar ne na gane abin da na yi. Tsiron ya kanannaɗe, ya yi fari, iska ta kwashe shi. Ruwan gaske bai dawo ba sai da na yi arba'in har da kwanaki, lokacin da yawancin mutane ba su da sauran iri ko na cikin tafin hannu.

Ranar da suka zo ina bayan zaure da yaro a baya. Ba su zo da faɗa ba, da ma faɗan suka yi. Sarkin Noma ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Mai Kaza, Hulanin rugar gabas sun ce su ba su ga Kaza ba sai bayan kwana goma da shukarmu. Ni ma na duba ran nan ban gani ba, amma na ce idonka ya hi nawa. Mi ya hwaru?" Na kama danga, na buɗe baki zan yi magana, Inna ta damƙe mini hannu har sai da farcenta ya shiga. Sai na ji Baba ya ce, "Ku gahwarce ni, jama'a. Idona ya mutu tun bara, na ɓoye muku don kunya. Ban ga Kaza ba. Laihina ne ni ɗaya." Na ji takalma suna fita ɗaya bayan ɗaya. Da yamma ya sa aka buɗe rumbunsa aka raba wa mutane abin da ke ciki su sake shuka, mu muka ƙarasa damina da tafasa da rama. Amfanin shekarar bai taka kara ya karya ba. Gidaje da dama sun tafi cin rani tun kafin a gama girbi, wasu ba su dawo ba har yau. Sunan Mai Kaza kuwa ya koma abin da yara ke faɗa a guje suna dariya in ya wuce da sandarsa, don yanzu ya fara riƙe sanda, ba sauran abin ɓoyewa.

Na koma ɗakina da abin nan a ƙirji kamar na haɗiye dutsen niƙa. Ko maigidana ban gaya wa ba. Sai da kaka ta yi, sanyi ya fara shigowa, na zo gida yini, na ɗauro Jummala a cikin kayana da niyyar in faɗi gaskiya in kuma jefa ta rijiya a gaban Baba. A lokacin nan na shekara Kaza da magariba take fitowa ta gabas. Na same shi zaune kan buzu a bayan ɗaki bayan ya idar da salla. Na durƙusa na gaishe shi. Sai shi ya ce, "Kin taho da Jummala?"

Na ce, "Baba..."

Ya ce, "Makaho ba kurma ba ne, ɗiyata. Ran nan na ji maɓallin jakarta, ƙas, sa'adda kinka buɗe. Na ji, na kuma san abin da shi ke nuhi. Na yi shiru don na gaji da muryar Sarkin Noma, kuma ina tsoron a gane ni. Ke ba ki san ka'ida ba, ni na san ta. To wa ya hi wani laihi?"

Kuka na yi irin wanda ban yi ba ko ranar wankan farko. Ya bar ni na yi mai isata, yana jan tasbaharsa. Da na lafa sai ya ce, da wata murya kamar ta yaro mai roƙon tatsuniya, "Ta hito yanzu, ko? To ɗauko idon aron nan naki. Hwaɗa mini gaskiya, ɗiyanta nawa ne?" Na share ido na ɗora madubi na fara ƙirgawa a bayyane. Na wuce shidda, ya gyara zama. Na wuce goma sha biyar, na wuce ashirin. Wajen talatin da wani abu na rikice, na ce Baba sun ƙi ƙirguwa, wasu ƙanana ne ƙwarai, suna bayan wasu. Ya yi dariya har da buga cinya, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Ikon Allah! Tun ina saurayi nike hwaɗa ma mutane shidda. Ashe baiwar Allah zuri'a gare ta." Sannan ya miƙo hannu, na sa masa Jummala a ciki, ya shafa ta ko'ina yadda ya shafa jikansa, ya mayar mini. Ya ce kar in jefa ta ko'ina, ba ita ta yi ƙarya ba. Bai ga wata daminar ba, a bazarar da ta biyo baya ya rasu, Kaza na cikin kwanci.

Bayansa ba a sake yin wani Mai Kaza ba. Kowa ya koma shuka da ganin damarsa, daga baya aka koma jin ta bakin rediyo, yanzu kuwa jikokina waya suke dubawa ta gaya musu ranar da za a yi ruwa, wani lokaci ta faɗi daidai wani lokaci ta kunyata su, ba kuma wanda ke fitowa zaure ya ce laifinsa ne. Duk waɗanda suka tsaya a ƙofar gidanmu ranar nan sun riga mu gidan gaskiya suna zaton Mai Kaza ne ya cuce su shi kaɗai. Ban taɓa gyara musu ba. Ya hana ni, ni kuma, in faɗi gaskiya, hanin ya yi mini daɗi. Wannan shi ne abin da ke ci na har yau, ya fi ciwon gwiwar nan.

Shekaranjiya bayan magariba na ce wa jikata ta ciro mini jakar daga ƙasan adaka. Fatar ta bushe ta tsattsage, gilashin ido ɗaya ya yi hazo. Ta riƙe ni muka zagaya bayan ɗaki, inda katanga ke ɗan tare hasken sandar nan, don gidan Baba na dawo da zama tun rasuwar maigidana. Giginyun tuni aka sare su, shagon mai cajin waya ne a wurin. Na duba da idona, fari kawai. Na ɗora Jummala na yi ta lalube har na sami Kaza can sama da rufin kwano, ta dushe kamar an shafe ta da toka. Ban sani ba ko fitilun ne, ko madubin ne ya tsufa, ko idona ne ya kama hanyar na Baba. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Duk zuri'ar nan ta tafi.

Na ce, "Shidda, Baba. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Yarinyar ta ɗaga kai ta dubi inda nake duba, ta dube ni. Ta ce, "Kaka, shidda mi? Ba komai a wurin fa."

Na mayar da Jummala cikin jakarta, na danna maɓallin da ƙarfi, ƙas, yadda zai ji.